Dogo da Gajeren Wando

"Lafiya lau, maigida. Ya baƙunta? Shigo mana, ka tsaya a ƙofa ka tare mini haske, ga shi ina neman kafar allura."

"Ni ba zama na zo yi ba, tsohuwa. An ce in zo, na zo."

Mai neman kafar allurar maƙwabciyata ce, tela ce tun muna da haƙoranmu. Wanda ya tare hasken jikanta ne, ɗan babban ɗanta, Dogo take ce masa. Shekarunsa goma sha huɗu, amma sai ya sunkuya yake shiga ɗakinta. A wata ƙasa aka haife shi, inda ubansa ya yi aiki, bana suka tattaro suka dawo. A can firamare shekara takwas ce, sai sakandare huɗu. A nan firamare shida ce, sai ƙaramar sakandare uku, sai babba uku. Yaro ya gama takwas ɗinsa, don haka makarantar nan ta sa shi a ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. 'Yan ƙarama kuwa gajeren wando suke sawa, dogon wando sai 'yan babba. Dogo ya ce ko a mafarki. Aka buɗe makaranta, ya ƙi zuwa. Shugaban makarantar ya aiko cewa in bai bayyana ranar Litinin ba, za a ba wani gurbinsa. Uba ya yi faɗa, uwa ta yi lallashi, duk a banza. Sai suka turo shi wajen kakarsa ta auna shi. Ni ina gefe ina warware mata wani ɗinki da ta karkatar ta ɗora wa keke laifi.

"An ce ka zo, ka zo. Ku ji mini mijin zamani. Babu ya jiki, babu me kika ci. Ina tsarabata ta ƙasar waje?"

"Ai ni ne tsarabar."

"To a mayar. Ta yi mini tsawo." Ta jawo tef daga wuyanta. "Matso in auna ƙugun nan, in akwai shi."

"Ba mai auna ni. Ni da gajeren wando? Sai dai ke ki sa."

"Da ni aka ba gurbin da na sa. Ƙafafuna sun fi naka kyan gani. Naka ai kamar sandunan shanya kaya."

"Kin gani ko? Ke ma kin fara. Haka yaran nan za su yi mini."

"Ni matarka ce, ina da lasisi."

Ya zube a kan benci, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

"Da a can ne, da yanzu ina babbar makaranta. 'Yan ajinmu duk sun shiga. Ba yunifom, kowa ya sa abin da ya ga dama. Ni na zo nan an mayar da ni baya kamar wanda ya faɗi jarrabawa."

"Wa ya mayar da kai baya? Shekara nawa ka yi a can?"

"Takwas."

"Bayan takwas me ke zuwa? Ko ƙidayar ma daban ce a can?"

"Tara."

"Ajin da aka sa ka, in ka haɗa da firamare, na nawa ne?"

Ya kalli silin, ya motsa yatsu. "Tara."

"Alhamdu lillahi. Ashe dai ba yawo kawai aka yi da kai ba."

"Ba maganar ƙidaya ba ce, tsohuwa. Ajin can na manya ne, na nan na yara ne."

"Kai ka gode wa Allah ba inda gwaggonka take aka kai ka ba. Can tun yaro yana shekara goma ake rarraba su, wannan hanyar jami'a, wannan hanyar sana'a. Kai kallo ɗaya za su yi maka su ce, wannan a koya masa sauya ƙwan fitila, an huta da sayen tsani."

"Ke kuma kallo ɗaya za su yi miki su ce a kai ta gidan tarihi."

"Da kuwa an yi layi har titi. Inda kawunka yake fa? 'Ya'yansa su ke share aji, su goge tagogi, su wanke banɗakin makaranta. Kai da kofin da ka sha shayi ma ba ka iya ɗaurayewa, da tun ranar farko an rako ka gida."

"Wannan kuma ke kika ƙara gishiri."

"Ga waya, kira shi."

"To ni ma na san tawa. Ƙasar da abokina ya koma, sai yaro ya shekara bakwai yake fara aji ɗaya. Kuma ba a jibga masa aikin gida."

"Can ta dace da kai. Ka je ka roƙe su su bar ka sai ka kai ashirin."

"Wai ke me kika sani game da makaranta? A zamaninku ai a jikin dutse ake rubutu."

"Da haƙori ma. Amma na yi bakwai a firamare, na yi biyar a sakandare, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙarata wajen kakata. A kan ubanka aka sauya tsarin. Masu mulkin nan duk teloli ne, maigida. Yadin ɗaya ne, shekara goma sha biyu. Wannan ya yanka nan, wancan ya yanka can, kowa ya ce nasa yankan ne na zamani."

"To ni me ya sa yankan ya faɗo a kan gwiwata?"

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Shi bai yi ba. Ya tsinci wani ƙyalle a ƙasa yana naɗe shi a yatsa.

"Kaka," ya ce, kuma tun da ya shigo sai yanzu ya kira ta haka, "duk ajin babu wanda ya kai kafaɗata. Ranar da muka je ganin makarantar, wani yaro ya rusuna ya gaishe ni, ya ɗauka sabon malami ne. In na buɗe baki kuma dariya suke yi wa maganata. Ki ƙara mini gajeren wando a kai?"

Ƙawata ba mai rarrashi ba ce. 'Ya'yanta ma ba ta rarrashe su ba, kuma duk sun rayu.

"Ka amsa gaisuwar?"

"Na amsa."

"Ka ga har ka fara mulki. Saurara. Da ka shiga babbar makarantar taku ta can, kai ne ɗan auta, masu gemu su riƙa aiken ka. A nan kai ne babba a cikin ƙanana. Dariya kuwa za su yi, ba zan yi maka ƙarya ba. Za su yi sati suna yi, su gaji, su koma kan wani mai manyan kunnuwa. Shekara ɗaya ce. Amma ka ƙi zuwa ranar Litinin, gurbi ya tafi. Baɗi ka dawo ajin nan dai, da wandon nan dai, ka ƙara tsawo, ga gashin baki ya fara leƙowa. Ranar ce za a yi kallo. Ni da kaina zan kai kujera ƙofar makaranta, in gayyato ƙawayena."

Ya juyo ya kalle ni, ko zan cece shi.

Na ce, "Ni ma zan zo."

"Wallahi tsofaffin unguwar nan ba ku da tausayi."

Kakarsa ta ce, "Mun rabar da shi tun kafin a haife ka. Hau kan bencin nan. Ni ba zan tsuguna maka ba, in na tsuguna sai an kira mutane."

Ya daɗe yana kallon tef ɗin. Sannan ya hau, yana kare kansa daga fankar silin.

"Amma har ƙasan gwiwa."

"Dokar makaranta ta ce gwiwa."

"Ba ta ce saman gwiwa ba."

"Au, lauyanci aka koya maka a can? Tsaya." Ta ɗora tef a ƙugunsa, ta saki tef ɗin ya sauka. Ya tsaya a gwiwa, ta ɗan ƙara jan sa ƙasa da babban yatsa. "Nan. In shugaban makaranta ya yi magana, ka ce telarka ba ta gani sosai."

"Ai ba ƙarya na yi ba. Ƙara kaɗan."

"In na ƙara ya zama siket."

"Da aljihu biyu."

"Ka zuba me? Mijin da ya zo wajen matarsa hannu rabbana?"

Ta sa alli ta yi alama a yadi. Daga nan ta ce in miƙo mata wani ƙunshi daga saman kabad. Ta kwance. Yadi ne irin na wandon, amma ya fi wancan yawa nesa ba kusa ba.

"Wannan na baɗi ne. Dogon wando, har idon sawu. Ba zan yanka yanzu ba, don kai ko barci kake yi tsawo kake ƙarawa."

Ya sunkuyo ya shafa yadin. "Wa zai ɗinka?"

"Ni mana. Kana da wata matar ne?"

"Da wannan idon? Da wannan tarin da kike yi?"

"To mu raba aiki. Kai ka je ka ci jarrabawarka. Ni kuma zan yi ƙoƙari kada in mutu kafin nan."

"Kika kuskura kika mutu ba ki ɗinka ba, tsohuwa, ni da ke mun ɓata."

Ta ƙyalƙyale da dariya, shi ma wannan karon ya kasa riƙe tasa.

"Na ji. Miƙe sosai, maigida, kana lanƙwasa mini awo."