Motar Dakta Ta Je Bakin Teku

Wani ne a nan unguwar Setapak, ɗalibi da ya zo karatu ƙasar waje, ɗan wajen Ƙaura Namoda. Ba zan kama suna ba, yana bin layin nan kullum. Yaron kirki, sai dai komai ya sani, ko tambayarsa ba a yi ba.

Ya faɗa son Surayya, ƙanwar Dakta Sharfaddeen mai koyarwa a jami'a, can Pantai Dalam. Dakta kuwa shi ne wuƙa shi ne nama a maganar aurenta, don iyaye sun damƙa masa. Ran nan Surayya ta ce tana marmarin keropok, abin kifin nan da ake soyawa, amma na Terengganu, can gabas bakin teku, ba na kedai, wato shagon unguwa, ba. Gogan naka ya bugi ƙirji ya ce gobe gobe.

Ya je aron motar Dakta. Kun dai san Dakta da motar nan, har hira yake yi da ita. Dakta ya dubi yaron sama da ƙasa, sannan ya miƙa makulli kamar ana cire masa haƙori.

"Boleh, na yarda, amma ka ji. Ba gudu, ba cin abinci a ciki. Kuma ka wanko min ita kafin ka dawo."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ashe lokacin damina ne a can gabas, ruwa da iska ba ƙaƙƙautawa. Yana wuce Kuantan ya kama titin bakin teku, sai duniya ta rikice. Igiyar ruwa ta taso ta mari duwatsu, tim! Kumfa har kan gilashi. Bishiyoyin kwakwa sun sunkuya kamar masu gaida surukai. Mutumin naku ya ƙanƙame sitiyari, duk addu'ar da ya iya ya karanta, har da ta shiga kasuwa.

Can la'asar ruwa ya ɗan tsagaita, ya isa wani ƙauyen masunta. Saura wurin ajiye mota. Gindin kwakwa? A'a, ɗaya ta faɗo ta lotsa rufi, aure ya mutu tun ba a ɗaura ba. Gefen titi? Manyan motoci za su fesa mata taɓo. Ƙarƙashin dutse? Ya ga yana ta zubo da tsakuwa.

Sai ya hango ƙasa. Fili fetal, yashi a daddaɓe, ba bishiya ba taɓo, teku kuwa ta ja da baya can nesa. Daɗi ya kashe shi. Ya gangara da mota sannu a hankali, ya kai ta tsakiyar filin, ya ja burki, har ya ɗauke ta hoto ya tura wa Surayya.

Wata mata mai kedai ɗin abinci ta fito tana ɗaga hannu, tana nuna teku, tana cewa ruwa zai dawo. Ya yi mata dariya irin ta masu ilimi, ya kira ta Mak Cik, wato inna.

"No problem lah, Mak Cik. Ni a bakin kogi na tashi. In ruwa ya janye haka, sai baɗi. A garinmu har ƙwallo muke bugawa a ciki."

Matar ta dube shi, ta dubi mota, ta koma ta zuba masa shinkafa. Ya ci, ya ƙara, ya sha shayi, aka ƙulle masa keropok leda biyu. Ruwan sama ya sake ɓarkewa, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya ɗauke, sai barci ya kwashe shi.

Da ya fito, fili ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Ruwa ko'ina. Ya murza ido. Can tsakiya ya hango wani jan abu kamar faranti, da ƙaguwa zaune a kai. Rufin motar Dakta ne.

Ya haye dutse da ledojinsa, yana kora teku da hannu kamar mai korar awaki daga shanya. Igiya ta zo ta kwashe masa takalmi ɗaya, ta dawo ta karɓi keropok. Ya tsaya jiƙe sharkaf, ba mota, ba tsaraba, Surayya ma yana jin tana sulalewa.

Sai waya ta yi ƙara. Dakta ne.

"Kai, shiru haka? Ina fata dai ba ka manta da wankin motar ba."

Ya dubi ƙaguwar nan.

"Haba ranka ya daɗe, ai ana kan wankin. Har ciki."