Abarshi Mai Raba wa Ƙwari Ƙasa

Allah Ya yi wa Birnin Gwari baiwa iri-iri a zamanin da take cikin ganuwarta, tun ana sayen gishiri da wuri. Ya ba ta daji, Ya ba ta ruwa, Ya ba ta maƙera da masaƙa. Da Ya tashi cika mata ni'ima kuma, sai Ya ba ta Malam Abarshi. Duk wanda ya ce garin ya taɓa fitar da masani kamarsa, to bai tambayi Abarshi ba ne.

Malantar tasa ba ta allo da tawada ba ce, wannan ya bar wa masu ƙaramin buri. Shi fanninsa ƙwari, ƙwarin ma masu siririn ƙugu, dangin zanzaro da rina. Ya samo ilimin ne a wata tafiya da ya bi fatake zuwa ƙasar Nufe. Zazzaɓi ya kwantar da shi a wani zaure a hanya, ya yi ta kallon ƙwarin da ke rufin ɗaki har ayari ya je ya dawo ya tarar da shi. Sauran fatake sun komo gida da goro da duwatsun tsakiya na ado, Abarshi ya komo da rama da ilimi. Daga ranar ya daina amsa sallamar da ba a sa "Malam" a cikinta ba. Mutanen gari, da yake ba su da rowa, suka ƙara masa da Shehun Zanzaro da Alƙalin Masu Harbi. Ya karɓa hannu bibbiyu, bai taɓa tambayar abin da ke sa mutane murmushi in sun faɗa ba.

Mutum ɗaya ce ta ƙi shiga sahu, yayarsa Saude, babbar masu kaɗin zaren tsamiya a unguwarsu. Ita Auta take kiransa, ko a gaban wa, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai.

Babban aikin da duniya za ta riƙa tunawa da shi, in ji shi, shi ne tsara ƙwarin nan gida-gida yadda aka tsara mutanen gari. Zirnaƙo, saboda girma da baƙin rai, shi ne sarki. Rina dogarai. Zanzaro mai kwaɓa laka ya yi ɗaki a jikin bango, magini. 'Yan mitsi-mitsin da ido ke gani da ƙyar kuwa ya ce talakawa ne, ba su cancanci suna ba. Da ya gama naɗe-naɗe sai ya koma rabon ƙasa. Jajaye ya ba su daga Randagi zuwa bakin kogi. Baƙaƙe ya ba su daga Tabanni zuwa gindin duwatsu. Rabon ya yi kyau, babu wanda aka zalunta. Ƙwarin ne kawai ba a samu damar sanar da su ba.

Akwai wani makiyayi, Bakoji, da ke kawo masa ƙwari a cikin gora in ya shigo gari, shi kuma ya ba shi kanwa ta shanu. Wata rana Bakoji ya kawo guda biyu. Abarshi ya kara gorar a kunne, ya lumshe ido, jama'ar da ke zaune a zaurensa suka kasa kunne.

"Wannan mai kaurin murya ɗan Randagi ne," in ji shi. "Ɗayan kuwa ko a mafarki na ji shi na san Tabanni aka haife shi. Ku ba za ku ji bambancin ba, kada ku wahalar da kanku."

"Malam," in ji Bakoji, "ai a reshe ɗaya na kama su."

"To, ɗayan baƙunci ya je. Su ma suna zumunci."

Aka ce ikon Allah. Bakoji ya karɓi kanwarsa ya tafi, kafaɗunsa na rawa don dariya har ƙofar gari.

Da a kan gora da zaure abin ya tsaya, da ba wanda ya yi asara. Amma ilimi irin na Abarshi ba ya zama wuri ɗaya, sai da ya kai ga tsamiyar matan gari.

Zaren tsamiya, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi, wata tsutsa ce mai gashi ke yin sa. Taruwa suke yi a kan itacen tsamiya ko na doka, in damina ta ja baya su saƙa wa kansu gida guda kamar jaka, su shige su kwanta. Mata su tsinko gidan, su dafa da toka, su kaɗa. Sai dai ba a kwashewa duka. A kowane itace ana barin wasu don iri. In ruwan farko ya sauka, uwar tsamiya ta fito daga ciki, wata fara mai fukafukai irin na malam-buɗe-littafi, ta zuba ƙwai a ganye, sana'a ta sake tashi. Su Saude suna da itatuwansu kusa da ganuwa, inda in mahara suka ɓullo mace za ta iya rugowa gida da ƙafarta. Can cikin daji akwai tsamiyar da ta fi wannan yawa, amma a shekarun nan ba kowace mace da ta shiga can take dawowa ba. Saboda haka irin da ke itatuwan kusa ya fi musu komai.

Wannan irin ne Abarshi ya je gaban Galadima ya roƙa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, bayan ya gyara zaman riga, "abin kunya ne a ce gari mai ɗauke da mutum irina, matansa na fita bayan ganuwa neman tsutsa. Tsutsa ce ya kamata ta zo ta same mu. A ba ni irin bana in ajiye a gidana. In ruwa ya sauka, duk wata tsamiya da ke cikin birni sai ta sunkuya don nauyin zare, mace ta miƙa hannu daga ƙofar gida ta tsinko. Ni ba na neman komai. Sai dai in an lura, kan nan nawa ya daɗe yana shan rana."

Galadima ya lura. Ya ce ranar da uwar tsamiya ta fito a cikin gari, za a naɗa wa Abarshi rawanin Magajin Tsamiya, sarautar da ba a taɓa jin ta ba sai a zaman nan. Aka aika wa mata umarni. Saude ta ja ƙawayenta suka tsinko irin kaf, suka jibge a wani ɗaki a bayan gidan ƙanenta, ranta ba ya so.

In za a faɗi gaskiya, da ya rufe ɗakin ya je ya kwanta, da wataƙila ya ci rawaninsa. Amma wannan aiki ne da kowa ma zai iya, kuma Abarshi ba kowa ba ne.

Yana cikin duba gidajen tsutsar sai ya ga wani ƙwaro ya biyo su daga daji, baƙi, siriri, da ɗigon fari a ciki, yana jan wata doguwar aba a bayansa kamar allura. Ya sauka a kan gida ɗaya, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can da ƙahonninsa, sannan ya lanƙwasa ya soka allurar har ciki. Abarshi ya yi kabbara har maƙwabta suka leƙo. Kafin la'asar ya tara zaure.

"Jama'a, yau tsarina ya cika. Na daɗe ina cewa akwai gida ɗaya da ya ɓace mini, ashe gidan maɗinka ne. Ku tambayi kanku, tsutsa da ba hannu ba ƙafa, uwarta ta zuba ƙwai ta yi gaba, wa ya koya mata saƙa? Mu nan in muna son yaro ya iya sana'a, ba hannun mai sana'a muke danƙa shi ba? To haka su ma. Wannan mai allurar shi ne maigidansu, yana bi gida-gida yana gyara musu aiki. A daji maɗinki ɗaya ke fama da itace guda, shi ya sa zaren ke fitowa da kaushi. Ni a ɗakina kowace tsutsa sai ta sami nata."

Saude tana tsaye a bakin zaure da mazari a hannu. "Auta," ta ce, "ni dai ban taɓa ganin maigidan da ke koyar da sana'a da suka ba."

"Yaya Saude, ke kaɗi kika sani. Ki tsaya a mazarinki, ki bar wa masu abu abinsu."

Ta tsaya a mazarinta, don ita ma ba ta san abin da ƙwaron yake yi ba, zuciyarta ce kawai ta ƙi shi. Aka ninka wa Bakoji kanwa, ya shiga daji ya yi ta kawo maɗinka gora-gora. Abarshi ya zuba su ɗakin da hannunsa, yana yi musu maraba, sannan ya sa aka liƙe ƙofar da laka, aka bar ɗan taga aka toshe da tsumma.

Rani ya shigo, Shehun Zanzaro ya shiga shirin sarauta. Ya koyi tafiyar ƙasaita tsakanin zaure da rijiya, har akuyar gidan ta saba kauce masa. Ya daina cin abinci a gaban mutane, duk da ba a ga abincin ya ragu ba. Ya rage murya, ya ƙara tari. Ya kira makaɗi ya ba shi kirarin da zai yi masa, don kada a bar abu mai muhimmanci a hannun wanda bai yi karatu ba: Abarshi gagara harbi, mai raba ƙasa ba da takobi ba. Kullum da hantsi yakan je ya kara kunne a bangon ɗakin, ya dawo ya shaida wa zaure cewa darasi na tafiya daidai. Ita kuwa Saude in ta bi ta gindin itatuwanta ta ga rassa fayau, sai ta kau da kai ta wuce.

Ruwan farko ya sauka. Ba a daɗe ba ɗakin ya fara guna kamar tukunya a kan wuta. Abarshi ya aika fada cewa lokaci ya yi.

Da safe Galadima ya iso da mutanensa, wani bafade na biye da shi ɗauke da farin rawani a kan faifai. Mata suka zo da ƙore don su kwashi uwar tsamiya su kai kan itatuwa. Abarshi ya sha aski tun jiya, kai na ƙyalli, ya kuma cire hula tun kafin a ce ya cire, don kada a ɓata wa manya lokaci.

"Ranka ya daɗe, jama'ar Birnin Gwari," in ji shi, "jikokinku za su tambaye ku inda kuke a wannan rana. Ku ce kuna bayan gidana. A fasa!"

Aka sa gatari aka fasa lakar. Abin da ya fito baƙi ne. Ya yi ta fitowa ta saman ƙofa kamar hayaƙin ɗanyen itace, ya bi ta kan jama'a, kowane ɗaya da ɗigon farinsa a ciki. Mata suka ɗaga ƙore suna jiran farar ta biyo baya. Aka jira. Ko ɗaya ba ta fito ba. Makaɗi, wanda ya riga ya fara gagara harbi, ya sassauta hannu ya yi shiru.

Da wani mutum ne, da ya sunkuyar da kai a nan. Abarshi ɗaga hannuwa ya yi sama.

"Allahu Akbar! Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. 'Yan koyo na zuba a ɗakin nan, ga shi duk sun ƙware, kowa ya fito da allurarsa. Wane gari ne ya taɓa yaye maɗinka haka a shekara guda?"

Saude ta ajiye ƙwaryarta. Ta kutsa ɗakin ta ɗauko gida ɗaya, ta tsaga shi da wuƙa a gaban Galadima, ta zazzage. Busassun ɓawo ne suka zubo, kowanne da huda a gefe. A cikin ɗaya kuwa ga wani maɗinki nan ya fito rabi daga cikin abin da a da tsutsa ne, yana miƙe ƙafa. Ba wanda ya buƙaci bayani. Allurar nan ba ta ɗinki ba ce, ƙwai ake sakawa da ita, ɗan ya ƙyanƙyashe a cikin tsutsa ya cinye ta tun daga ciki. Abin da yakan sami gida ɗaya-ɗaya a daji, shi Abarshi ya tara wa irin garin gaba ɗaya a ɗaki, ya kuma liƙe ƙofa don kada a dame su.

"Laifin Bakoji ne," in ji Alƙalin Masu Harbi, murya ta ɗan sirance. "Maɗinkan gabas ya kawo mini, su dama an san su da cin amana. Na yamma na ce. Ranka ya daɗe, in aka ba ni irin baɗi..."

Galadima ya dubi bafade. Bafade ya kife wani faifan a kan rawanin, suka juya. Mata suka bi bayansu da ƙore wayam, wasu na share ido, don kowace ta san bana sai cikin daji. Saude ta zauna a bakin ɗakin da tsagaggen gidan a cinyarta.

Abarshi dai bai ga an ce an fasa ba. A ganinsa manya sun koma gefe ne su yi shawara, saboda haka ya durƙusa a tsakar fili, ya miƙa kai gaba yadda ya koya, yana jira. Sai ga wani maɗinki da ya makara ya fito daga ɗakin, ya yi shawagi, ya sauka a tsakiyar askin. Ya taɓa nan da ƙaho, ya taɓa can, ya zagaya ta ƙeya, ya dawo goshi. Ya daɗe yana lalube. Daga nan ya tashi ya tafi abinsa, bai ko lanƙwasa allurar ba.

Saude ta bi shi da kallo har ya haye katanga.

"Tashi, Auta," ta ce. "Shi ma ya duba, ba komai a ciki."