Kwalabe Biyar a Kasuwar Gangara

Shekara ashirin ina dillancin man gyaɗa. Shi ya sa da yayata ta ce in samo mata kwalaben kwata da za su ɗauke lita ashirin, ko kai ban ɗaga ba. Kwatan ashirin ai biyar ne.

Ta ce, "Ka tabbata kuwa?"

Na ce, "Haba Yaya, ni za a koya wa lissafi?"

Ranar kasuwa muka cika kwalabena biyar, jarkar man tana nan kamar ba a taɓa ta ba. Ashe kowace lita kwalba huɗu take ci, tamanin ake nema! Masu saye suka watse, mai ya koma gida.

Har yau ko goron suna za a raba, sai Yaya ta ɗaga murya: "Ku karɓe daga hannun dillali, kada rabin unguwa su rasa!"