Kalandar da na ƙona da bakina

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin bikin jikata Rakiya, ranar da na tara matan gari biyu a tsakar gida suka kalli kunyata. Ba wanda ya yi mini. Ni na yi wa kaina, ina zaune a kan kujera.

Ni ɗiyar marina ce. Ubana ya yi rini a garinmu Gidan Amumune har ya tsufa, ni ma tun ina budurwa hannuna bai rabu da baban rini ba. Da aka sa ranar Rakiya na ce ba ni da zinariya, amma zan rina mata zane. Tsoma tara na yi masa, aka buga shi har yana ƙyalli. Shuɗi ne mai zurfi, irin wanda in rana ta taɓa shi yakan ɗan yi ja-ja. Ta ɗaura, aka yi musu hoto ita da angon.

To kun san bikin yanzu ba ya cika sai da kalanda, a raba wa kowa ya kai ɗaki ya rataye. Na ce ni zan tsaya a kan wannan aiki, tunda zanena ne zai shiga ɗakunan mutane. Muka shiga mota ni da Rakiya sai Tasawa, shagon wani magidanci, Lawali, mai gyaran hotuna da ordinata, wato kwamfuta.

Ya gaishe ni, ya ba ni kujera, ya kunna. Sai ga Rakiya cikin gilashi tana murmushi. Amma zanen ya yi haske fayau, kamar wanda aka tsoma sau biyu aka tsame.

Na ce, “Ɗana, wanga ba zanena ba ne. Ƙara mashi duhu.”

Ya taɓa wani abu, ya ƙara.

“Ƙara.”

Ya juyo da ladabi. “Iya, ki yi haƙuri. Gilashin ga fitila ce a bayanshi, ita ke haska launi. Takarda ba ta da fitila, shan tawada take. Abin da kika ga ya yi daidai a nan, in ya sauka takarda sai ya ƙara duhu.”

Akwai mutane uku a benci suna jiran nasu aiki, duk sun kasa kunne. (Allah ya sani, da ba su nan, da wataƙila na ji magana.) Na gyara lulluɓi na ce, “Tun ba a yi auren uwarka ba nake rini. Yau kai za ka hwaɗa mani mi ake kira shuɗi?”

Ya ƙara. Na sa ya sake ƙarawa. Na ce rigar ango ma ta yi fari da yawa, bangon da ke bayansu ma a shuɗanta shi. Ya ce fuskokin za su bi duhun. Na ce fuska kowa ya san ta, zane nake so a gani.

“To Iya, bari injin ya gama aikin da ke kanshi in hidda maki guda, ki duba a rana.”

Rakiya ta ce, “Kaka, ki bari ya gwada mana.”

Na ce, “Ke rufe mani baki, ke da ba ki san launi ba sai cikin waya. A buga duka haka nan.”

Bayan kwana huɗu direba ya kawo ƙunshin a ɗaure. Na tura shi ƙarƙashin gado, na hana kowa buɗewa, har ni kaina. So nake mu gani tare da baƙi. Kafin ranar kuwa babu gidan da ban shiga na ba da labarinsa ba.

Ranar yini, bayan azahar, dangin ango suka iso daga Issawane, aka shimfiɗa musu tabarmi, aka sha fura. Na miƙe na ce a saurara. Na yanke igiya. Kalandun a kife suke, ni kuwa na shiga miƙawa ɗaya bayan ɗaya, kaina a sama, ina jiran guɗa.

Guɗa ba ta zo ba.

Gwaggon ango, wata dattijuwa mai kamala, ta kai takardar nesa, ta kawo kusa, ta karkata ta wajen rana. Sannan ta ce a hankali, ba da gatse ba, “Ma sha Allah. Cikin rijiya aka ɗauke su?”

Wata daga baya ta ce, “Ga haƙoran ango nan, na gane shi.”

Sai lokacin na duba. Jama'a, gindin tukunya. Zanena, rigar ango, bango, duk sun haɗe sun zama baƙi ɗaya, sai idanu huɗu da haƙora suna leƙen mutum.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma na ɗaga murya na ce, “Aikin mai shagon Tasawa ne wanga. Bai san komai ba, ya ɓata wa yarinya biki.”

Na manta sarai shi aka ɗauko ya yi hotunan yini. Yana bayana, da abin hotonsa a wuya. Ya durƙusa ya buɗe jaka, ya miƙo mini takarda guda da hannu biyu.

“Iya, wagga na hidda maki ta ɗakinki, yadda hoton yake tun farko.”

Ga zanena nan. Tsoma tara cif, har ɗan ja-jan. Ga Rakiya kamar ta yi magana. Takardar ta bi hannu hannu, kowa ya duba sai ya dube ni. Tabawa, ƙawata tun yarinta, ta matso ta ce (a ganinta raɗa take), “Ke da ba ki taɓa tsoma zanen mutane ba sai kin gwada da ƙyalle?”

Gaban surukai na ce, “Lawali, ka gafarce ni, na yi maka ƙazafi.” Ya ce ba komai, ni uwa ce. Wannan “ba komai” ta fi mari zafi. Rakiya na cikin ɗaki a lulluɓe, kafaɗunta na rawa. Har yau ban tambaya ba ko kuka take ko dariya.

Lawali ya ce zai sake bugawa, amma matan suka ƙi mayar da nasu. Shekarar kalandar ta wuce tuni, ba wadda ta sauke tata, kuma duk gidan da na shiga a ƙarƙashinta ake shimfiɗa mini tabarma. Yanzu in mai sana'a ya ce mini, “Iya, tsaya mu gwada,” ba na gyara lulluɓi. Inuwa nake nema in zauna in jira a gwada; ko a girki jikata ta ce in fara ɗanɗana gishiri, ba na musu.