Ranar da Na Wanke Kuɗin Mutanen Da

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na wanke kuɗin Bature da toka da lemun tsami, aka kore ni.

Bayan shekarar yunwa na shigo Sakkwato, ba kowa nawa da ya rage. Na samu aikin shara gidan wani Bature da muke kira Mai Tabarau. Aikinsa tara tsoffin kuɗin ƙarfe, waɗanda ko goro ba su saye, don wani gidan adana kayan tarihi a ƙasarsu. Da yamma yakan ɗora mini ɗaya a tafin hannu, ya ce wannan daga Misira, wannan daga Istambul. (Ni da ban taɓa wuce Wurno ba.) Ya yi alkawarin ni zan riƙe masa akwatin kuɗin har Ikko, in ga teku da idona. Wannan alkawari nake kwana da shi, nake tashi da shi.

Abu ɗaya ya dame ni: kuɗin duk sun yi kore, sun yi baƙi. Rannan ya ce baƙi za su zo kallo, har da wani malamin Ƙofar Atiku da ya ba shi tsabar kuɗin da kakansa ya kawo daga Makka. Na ce maigidana ba zai ji kunya ba. Da ya fita rangadin safe na juye su a tasa, na dirje. Masu taurin kai na ƙara musu yashi.

Baƙi suka zauna, na kawo kuɗin a faifai, rufe da ƙyalle, ina tafe ina hura hanci, na yaye ƙyallen.

Mai Tabarau ya cire tabarau. Ya zauna a ƙasa.

Malam ya ɗauki tasa tsabar, ya juya ta, rubutun duk ya shafe.

"Wanga aiki wa yay yi shi?"

"Allah gafarta Malam, ni niy yi." (Har da murmushi, ina jiran tukuici.)

"Madalla, ɗana. Allah ya tsare fuskata da hannunka."

Ashe wannan dattin shi ne shekarun, kuma shekarun Bature ke saye. Wani ya riƙe masa akwatin zuwa Ikko.

Yanzu ina Kwalkwalawa, ina noman shinkafa. Ko tukunya ba na wankewa sai na tambayi mai ita. Idan fadama ta cika da damina, nakan tsaya bakin ruwan in daɗe. An ce tekun ya fi haka.