Manhajar da Ke Daskarewa Duk Alhamis

Lallen yatsun Falmata na fara gani a kan kwamfuta, ranar da na kai wa kantin maganin da take aiki a Madaki manhajar da na rubuta. Da yake ni gwani ne, sai na dasa wani layin umarni a cikin manhajar da zai sa ta daskare duk Alhamis, don ta riƙa kirana. Nakan zo ina ƙamshi kamar ango. Da mai kantin ya gaji, ya ɗauko wani saurayi, wanda ya gano layin ya bayyana wa kowa.

Yau saurayin nan ne mijinta. In mun haɗu takan ce, "Injiniya, firjinmu lafiyarsa ƙalau, yaushe za ka zo gyara?"