Babban Injiniyan Unguwarmu da Injin Surukarsa

Mu mutanen Mandvi, garin nan na bakin teku, Allah ya yi mana baiwar masu sassaƙa jirgi da matuƙa, amma gwanin inji irin Jusab Bhai sau ɗaya muka samu. Shekara ashirin da biyu ya yi a wata ma'aikatar gyaran jirage a Dubai, kuma ya sha faɗa mana cewa babu injin da ya taɓa shiga ko fita sai da izininsa. Gaskiya ya faɗa. Shi ke ɗaga ƙarfen ƙofa.

Ya dawo gida da tumbi, da farar rigar aiki mai aljihu shida, da akwatin sifanoni masu walƙiya kamar kayan ɗakin amarya. A shagon shayi, ko babur ne ya wuce sai ya ɗaga yatsa a yi shiru, ya saurara, ya girgiza kai cike da tausayi. Tun daga nan muka naɗa shi Babban Injiniya, shi kuma ya karɓa ba tare da ya nemi a rage komai ba.

Surukarsa Hurbai, tsohuwa mai shekara tamanin ba kaɗan, tana da jirgin katako mai filafili, irin wanda iska ke turawa, gadon mijinta. Duk shekara takan sa a shafe katakon da man kifi, amma injin da marigayi ya ɗora masa daga baya ya yi shekara goma sha ɗaya ba a waiwaye shi ba. Tsatsa ta ci, kaguwa ta yi gida a ƙarƙashinsa. Rannan saƙo ya zo daga Okha, ƙetaren ruwa, cewa ƙanwarta Jenabai na kwance tana kiran sunanta. Hurbai ta ce ba ta shiga bas ta kwana tana amai a hanya. A jirgin mijinta za ta je. Ta ce a kira mata Fakirmamad, tsohon bakaniken da ya ɗaura injin tun farko.

Jusab Bhai ya ji abin har cikin ransa. Ya ce muddin yana numfashi ba za a kira bare ya taɓa injin gidansu ba.

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Kawu Fakirmamad mutumin kirki ne, amma gyaran guduma ya iya. Inji kimiyya ne. Kwana uku ya ishe ni."

Kwana uku suka zama goma sha tara. Ya kwance injin kaf, ya baje hanjinsa a kan zanen gadon matarsa Julekha, wanda ta yi wata biyu tana yi wa ado da ƙananan madubai. Kowace safiya, idan ruwa ya janye jirgin ya kwanta a laka, mukan taru da kofunan shayi mu sha karatu. Ya ɗaga fistin ya kira shi da wani suna, gobe ya ɗaga shi ya kira shi da wani. Ya yi mana bayanin yadda Jamusawa ke tunani da yadda Japanawa ke kwaikwayonsu. Fakirmamad na zaune a kan gungumen katako yana cin dabeli, burodin nan mai dankali da yaji a ciki, sau ɗaya ne ya tambaya a hankali ko Seth, wato maigida, kamar yadda yake kiran Jusab Bhai, ya sa alama a haƙoran giya kafin ya raba su. Jusab Bhai ya yi masa murmushin da likita ke yi wa mai maganin gargajiya, ya nuna goshinsa, ya ce alamar tana nan.

Da ya mayar da komai, sai aka samu ragowar notuna cike da kwanon tuwo. Bai girgiza ba. Ya ce masu ƙera inji na dā ba su san tattali ba, kuma shi ya rage wa injin ƙiba ne.

A rana ta goma sha takwas wani saƙon ya sake zuwa: Jenabai ta daina cin abinci. Hurbai ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta zo ta zauna cikin jirgin, ta ce jibi da cikar ruwa za ta tashi, ko da inji ko da addu'a.

Ranar tafiya rabin unguwa ta fito. Jusab Bhai ya sa rigar aljihu shida, an goge ta da sitaci, ya tsaya a kan jirgi ya yi jawabi game da ilimi da masu hassadar ilimi. Sannan ya sunkuya ya murɗa hannun injin. A murɗa ta tara, abin mamaki, injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Muka yi tafi da gaske, har Fakirmamad ya ajiye abincinsa. Babban Injiniya ya share fuska da mutunci, ya tura giya gaba.

Jirgi ya tafi baya.

Ya ɗaga murya ya sanar da mu cewa haka manyan jirage ke barin tasha. Ya ja giya baya, jirgi ya ƙara himma a bayan. Muna kallo ya wuce kwale-kwale biyu, ya tsinke igiyar shanyar masunta, ya je ya dasa gindinsa a lakar ɗaya gaɓar. Injin ya yi atishawa sau biyu ya yi shiru, shirun da har yau bai fasa ba.

Hurbai ba ta yi faɗa ba. 'Yar matuƙi ce, matar matuƙi. Ta leƙa sama ta ga inda tutar masallaci ke kaɗawa, ta ce a turo jirgin, ta kira Fakirmamad da maza uku su hau su ɗaga filafili. Ta kama sandar juya jirgi da kanta. Jusab Bhai ya fara bayanin cewa matsalar daga ingancin dizal ne.

"Jusab, ɗana," in ji ta, "zauna a kan injinka. Kada ka motsa, kana karkata mini jirgi."

Sun isa Okha kafin la'asar ta yi sanyi. Jenabai ta ga yayarta ta yi kuka, ta sha kunun gero daga hannunta, kuma ta ƙara wata bakwai a duniya, biyu daga ciki Hurbai na gefenta.

Da suka dawo, Jusab Bhai ya riga kowa zuwa shagon shayi. Ya ce a tambayi duk wanda ya je, jirgin bai yi tangaɗi ko sau ɗaya ba duk da igiyar ruwa, kuma wannan aikin injinsa ne. Muka juya ga Fakirmamad. Tsohon ya hura shayinsa, ya ce Seth bai yi ƙarya ba. Ya ce a al'ada jirgi mara kaya sai an loda masa buhunan yashi a ciki don ya zauna daram a ruwa, amma wannan karon ba su ɗauki ko ɗaya ba.

"Injin da mai injin sun wadatar," in ji shi.

Jusab Bhai ya gyara zama, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce to, mun dai ji daga bakin ma'aikaci.